Yadda Ake Maganin Cutar Fangas ta Farce, Mataki-Mataki

Tambayar nan ta yi ta maimaituwa, kusan da kalmomi iri ɗaya: farcen babban yatsan ƙafa ya yi kauri, ya koma rawaya, yana marmashewa, an shafa wannan an shafa wancan wata da watanni amma shiru. Wasu kuma farcen hannu ne ya ɗago daga jikin nama har suna ɓoye hannun a cikin mutane. Ga yadda ake bi da shi, daki-daki.

Kafin komai, a riƙe wannan: magani ba ya gyara farcen da ya riga ya lalace. Aikinsa ya kashe cutar, sabon farce ya tsiro lafiyayye daga gindi, ya turo tsohon gaba har a yanke shi. Farcen hannu yana ƙara tsawo kimanin milimita 3 a wata, na ƙafa kuwa da kyar yake wuce milimita 1 zuwa 1.5. Ke nan na hannu yana bukatar wata 4 zuwa 6 kafin ya sabunta gaba ɗaya, na babban yatsan ƙafa kuma wata 12 zuwa 18. Wasu masu cewa magani bai yi musu aiki ba, ba a gaya musu wannan lissafin ba ne.

1. Duba farcen da kyau

A goge jan farce idan akwai, a wanke, a tsane, a duba a wuri mai haske. Cutar ta fi farawa daga bakin farce ko gefensa, sannan ta riƙa cin gaba zuwa gindi. Launi yana komawa fari, rawaya ko ruwan ƙasa. Farcen yana kauri har abin yanke farce ya kasa kama shi, wani gari-gari yana taruwa a ƙarƙashinsa, bakinsa yana karyewa, a hankali ya rabu da naman da yake kwance a kai. Wani lokaci akwai ɗan wari. Da farko ba ya ciwo, sai ya yi kauri takalmi ya fara danna shi. Akwai kuma nau'in da ke tsayawa a saman farce kawai, fari-fari, idan aka kankare sai ya fita kamar gari. Shi ne mafi sauƙin magani.

A ƙirga farce nawa ne suka kamu, a kuma lura ko cutar ta wuce rabin farcen, ko ta kai gindinsa. Wannan ne zai yanke hukuncin irin maganin da za a yi a mataki na 4. A ɗauki hoto da waya a ranar, a ajiye.

Gargaɗi: baƙin layi da ya fito a farce ɗaya, sabo, yana ƙara faɗi, ko baƙin ya malalo kan fatar da ke kewaye da farcen, ba abin shafa wa magani ba ne. Masu duhun fata da yawa suna da siraran layuka masu duhu a farce da dama, kuma ba cuta ba ce. Amma layi ɗaya mai canzawa yana iya zama sankarar fata, a kai wa likita ba tare da jinkiri ba. Haka kuma idan farce ya koma kore, galibi bakteriya ce ta shiga, maganinta daban.

2. Gano ta inda cutar ta shigo

Fangas dangin funfuna ne, ƙananan halittu masu son ɗumi da laima. Waɗanda suka fi kama farce suna cin sinadarin da aka gina farce da fata da shi, kuma su ne dai masu haddasa makero da cin ruwa na tsakanin yatsun ƙafa. Wanda ya fi yawa a cikinsu sunansa Trichophyton rubrum. Sau da yawa a fatar ƙafa ake fara samunsa, a yi sakaci da shi, ya gangara ƙarƙashin farce. Don haka a buɗa yatsu a duba: akwai saɓa, ƙaiƙayi, tsagewa ko fari-farin ruɓewa? Tafin ƙafa yana ɓarɓashi?

A farcen hannu kuwa, wani nau'in mai suna Candida yana yawan kama masu wuni da hannu a cikin ruwa, masu wanki da wanke-wanke da aikin girki. Alamarsa fatar gindin farce ta kumbura, ta yi ja, tana zafi.

Abubuwan da ke buɗe wa cutar ƙofa sanannu ne: takalmi sau-ciki mai matsewa da ake wuni da shi, yawan gumin ƙafa, tafiya ba takalmi a banɗakin da mutane da yawa ke amfani da shi ko gefen wurin ninƙaya, aron abin yanke farce, buguwar farce, farcen roba da ake liƙawa, da yawan shekaru. Ciwon suga, raunin gudanar jini a ƙafa, da raunin garkuwar jiki suna ƙara haɗarin sosai. Ba rashin tsafta ba ne kullum. Mutum yana iya yin wanka sau nawa a rana ya kamu, idan ba ya tsane tsakanin yatsunsa.

Gargaɗi: mai ciwon suga kada ya fara komai da kansa, ko da yanke farce mai kauri ne. Ƙaramin rauni a ƙafarsa yana iya zama gyambo. Daga nan ya wuce asibiti.

3. A yi gwaji kafin a sayi magani

Nan ne aka fi tsallakewa, nan ne kuma aka fi asarar kuɗi. Kusan rabin farcen da ya lalace ba fangas ba ne ya lalata shi. Cutar fata ta psoriasis tana sa farce ya yi ƙananan ramuka ya ɗago. Takalmi mai bugun yatsa kullum, kamar na 'yan ƙwallo da masu gudu, yana sa farce ya yi kauri ya canza launi. Tsufa ma yana yin haka. Ko likitan fata, da ido kaɗai yana iya kuskure.

Gwajin ba wuya. Ana yanke ɓangaren farcen da ya lalace, a kankaro garin da ke ƙarƙashinsa daga can ciki kusa da inda lafiyayyen farce ya fara, domin a nan cutar take da rai. A ɗakin gwaji ana narkar da shi da wani sinadari a duba a madubin likita, sakamakon ba ya daɗewa. Ana kuma iya shuka shi, wato a raini fangas ɗin a ɗakin gwaji, don a san ainihin nau'in, wannan kan ɗauki makonni. Idan ana shafa wani magani, a gaya wa likita, domin yana iya ɓoye cutar, wataƙila ya ce a dakata na ɗan lokaci kafin a ɗauki samfur. Idan sakamako ya ce babu komai alhali alamu sun nuna, ana maimaitawa, hakan yana faruwa.

Kuɗin gwaji galibi sau ɗaya ne. Kuɗin maganin da ba na cutarka ba kuwa wata-wata za ka yi ta biya, ga hantarka tana ɗaukar nauyin banza.

4. Na shafawa ko na sha?

Idan farce ɗaya ne ko biyu, cutar ba ta kai rabinsa ba, gindinsa lafiya lau, ana iya gwada na shafawa. Idan ta wuce rabi, ko ta kai gindi, ko farce da yawa ne, ko ya yi kauri ƙwarai, na shafawa shi kaɗai da wuya ya yi. Sai na sha, wani lokaci a haɗa biyun.

Gaskiyar magana, na sha ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Na shafawa ya fi sauƙi ga jiki, amma waɗanda yake warkarwa sarai ba su da yawa, kuma yana cin kusan shekara. A yi lissafin kuɗi da wannan a zuciya: kwalba ɗaya ba ta isa, sai an yi ta sayen wata. Sau da yawa ƙwayar sha ta wata 3 ta fi sauƙin kuɗi a kan na shafawa na shekara guda, ko da an haɗa da gwajin jini. Ko wanne aka zaɓa, a tabbata za a iya kai shi ƙarshe kafin a fara.

Akwai zaɓi na uku da ba a cika faɗa ba. Dattijo mai shan magunguna da yawa, farcen ba ya masa ciwo, ba shi da ciwon suga, yana iya barinsa, ya riƙa yankewa da gogewa kawai. Ba laifi ba ne, likitoci ma suna ba da wannan shawarar.

Gargaɗi: man shafawa na makero irin su clotrimazole na fata ne, ba ya ratsa farce. Shafa shi a saman farce mai kauri tamkar zuba ruwa ne a kan kwanon rufi ana so ya jiƙa tsakar ɗaki. Man da aka haɗa da sinadarin steroid kuwa, irin wanda ke kwantar da ƙaiƙayi nan take, ƙara wa fangas ƙarfi yake yi.

5. Rage farcen

Kayan da ake bukata: abin yanke farce mai ƙarfi wanda za a ware wa farcen da ya kamu shi kaɗai, abin gogar farce na takarda wanda ake yarwa bayan amfani, sifirit, auduga, ƙaramar roba ta jiƙa ƙafa, da tawul na daban.

A jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi minti 10 don farcen ya yi laushi. A tsane sosai. A yanke a miƙe, kaɗan-kaɗan daga gefe guda zuwa ɗayan, kada a kama farce mai kauri a tsakiya a matse da ƙarfi, tsagewa zai yi har cikin nama. A cire duk ɓangaren da ya riga ya rabu da nama, gwargwadon inda ba ya ciwo. Sannan a goge samansa don ya rage kauri. A tattara abin da ya zuba a takarda a yar, a goge abin yankan da sifirit, a wanke hannu.

Idan kaurin ya fi ƙarfin abin yanka, akwai man urea mai ƙarfin kashi 40 cikin 100. Ana shafa shi a kan farcen kaɗai, a kare fatar gefe, a rufe da filasta, kullum a kankare abin da ya yi laushi a sake shafawa, har tsawon mako 2 zuwa 3. Yana narkar da ɓangaren da ya lalace ba tare da ciwo ba. Ba ya kashe cutar, hanya kawai yake buɗe wa magani.

Gargaɗi: kada a sa reza, kada a tona ƙarƙashin farce da tsinke ko allura, kada kuma a zagaye kusurwoyi da zurfi, farcen zai dawo yana shiga nama. Fatar da ke rufe gindin farce ma a bar ta, ita ce ke tare ƙwayoyin cuta.

6. Yadda ake amfani da na shafawa

Waɗannan magunguna ne da aka yi musamman don farce, ana shafa su kamar jan farce su bushe. Amorolfine mai kashi 5 cikin 100 ana shafa shi sau 1 ko 2 a mako, wata 6 ga hannu, wata 9 zuwa 12 ga ƙafa. Ciclopirox mai kashi 8 kullum ake shafa shi, har zuwa mako 48. A wasu ƙasashe akwai efinaconazole da tavaborole, su ma kullum ne na mako 48, sai dai sun fi tsada.

Ga amorolfine, tsarin shi ne: a goge saman farce da abin goga, a share da sifirit don cire tsohon shafi, a shafa sabo a kan farcen duka, a bar shi ya bushe na 'yan mintuna kafin a sa safa. A zaɓi rana ɗaya tsayayya a mako, a sa wa waya ƙararrawa. Ciclopirox kuwa ana ɗora sabo a kan na jiya, sau ɗaya a mako a wanke tarin da sifirit. A karanta takardar da ke cikin kwalin, domin akwai nau'in da ruwa ke wankewa.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne gajiya. Wata biyu na farko ana yi da himma, na uku a fara mantawa, na huɗu kwalbar ta ɓace a cikin durowa. Kuskure na biyu, amfani da abin gogar da ya taɓa farce mai cuta a kan lafiyayye. Farcen roba kuma a haƙura da shi har a gama.

7. Yadda ake shan na sha

Wannan sai da likita. Wanda aka fi bayarwa shi ne terbinafine, miligiram 250 sau ɗaya a rana ga babban mutum, mako 6 ga farcen hannu, mako 12 ga na ƙafa. A kusan mutum 7 cikin 10 yana kashe fangas ɗin, ko da yake ba dukansu ba ne farcen ke komawa sumul kamar da. Na biyu itraconazole, wanda ya fi dacewa idan Candida ce. Ana iya shansa kullum, ko kuma a bi tsarin hutu: miligiram 200 sau biyu a rana na mako ɗaya, a huta mako 3, a sake. Zagaye 2 ga hannu, 3 ga ƙafa. Kafso ɗinsa da abinci ake sha, kuma magungunan rage zafin ciki na olsa suna hana jiki ɗaukarsa yadda ya kamata. Akwai kuma fluconazole da ake sha sau ɗaya a mako na watanni da yawa, idan biyun farko ba su dace da mutum ba. Yara ana auna musu ne da nauyin jikinsu.

Kafin a fara, likita zai so a yi gwajin jini na hanta, wani lokaci a maimaita a tsakiyar shan magani. A kai masa duk magungunan da ake sha, har da na gargajiya da na ƙarin kuzari. Itraconazole ba ya haɗuwa da wasu magungunan rage kitse a jini irin su simvastatin, kuma ba a ba mai raunin zuciya. Terbinafine yana iya karo da wasu magungunan damuwa da na bugun zuciya. Mai juna biyu da mai shayarwa su jira, farce ba ya gaggawa. Mai ciwon hanta ya faɗa tun kafin a tambaye shi. Giya kuma a nisance ta.

Ƙananan illoli kamar ciwon kai, ɓacin ciki ko 'yan ƙuraje suna faruwa. Wasu masu shan terbinafine sukan daina jin ɗanɗanon abinci, a sanar da likita idan hakan ta faru, yawanci ɗanɗanon yana dawowa bayan an daina shan maganin.

Gargaɗi: idan ido ko fata suka yi rawaya irin na shawara, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari, ko tashin zuciya da kasala suka ƙi tafiya, a daina shan maganin a ranar a je asibiti. Haka idan ƙuraje suka mamaye jiki, fata tana saɓulewa, ko baki ya yi gyambo. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma ba a jira da shi. Sannan kada a yarda a sha ƙwayar ketoconazole saboda farce. Tun 2013 hukumomin magunguna na Amurka da Turai suka taƙaita ta saboda illarta ga hanta.

Abin da ke rikita mutane: ranar da aka shanye ƙwayar ƙarshe, farcen yana nan da muninsa. Wannan daidai ne. Maganin yana zama a cikin farce na watanni bayan an daina sha, yana ci gaba da aiki. Kada a ƙara wa kai wasu makonni ba tare da likita ya ce ba.

8. Fata, safa da takalmi

Tare da mataki na 6 ko na 7 ake yin wannan, ba bayansu ba. Idan akwai cin ruwa, a shafa man terbinafine ko clotrimazole a tsakanin yatsu da tafin ƙafa har tsawon lokacin da takardarsa ta ce, ko da ƙaiƙayin ya tafi tun kwana uku. Nan ne wurin aikin waɗannan mayukan. Duk wanda ake zaune gida ɗaya da shi mai irin wannan cuta, shi ma ya yi magani, in ba haka ba za a yi ta miƙa wa juna.

Duk lokacin da ruwa ya taɓa ƙafa, a tsane tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. A canza safa kullum, a wanke ta da ruwan zafi mai digiri 60 a ma'aunin Celsius, domin ruwan sanyi ba ya kashe irin cutar. Kada a sa takalmi sau-ciki guda kwana biyu a jere, a bar shi ya sha iska ya bushe, a barbaɗa hodar kashe fangas a ciki. Tsohon takalmin da aka yi shekaru ana gumi a cikinsa, gara a rabu da shi. A sa silifas a banɗakin haɗaka. Masu aikin ruwa su sa safar hannu ta roba, da ta auduga a ciki idan hannun yana gumi.

9. Auna ci gaba

Hoto sau ɗaya a wata, a wuri ɗaya, da haske iri ɗaya. Ba bakin farce ake kallo ba, gindinsa ake kallo. Alamar nasara ita ce lafiyayyen farce mai launin nama ya ɓullo daga gindi yana ƙara faɗi, iyakar da ke tsakaninsa da lalataccen tana matsawa gaba. A ƙafa, kada a sa ran ganin wannan sosai kafin wata 3. Wasu likitoci sukan yi ɗan tsagi a saman farce daidai inda cutar ta tsaya. Idan tsagin yana tafiya gaba kuma cutar ba ta tsallako bayansa ba, magani yana ci.

A ci gaba da yanke lalataccen ɓangaren duk lokacin da ya fito.

10. Idan bai yi ba, ko ta dawo

Idan an yi wata 6 ana shafawa babu lafiyayyen farce a gindi, ko cutar tana komawa baya zuwa gindi bayan an gama na sha, a koma wurin likita a sake gwaji. Wataƙila tun asali ba fangas ba ne, ko nau'in funfunar da terbinafine ba ya kamawa sosai ne, ko kuma cutar ta dunƙule a ƙarƙashin farce inda magani ba ya isa, sai an yanke wurin. Cire farce gaba ɗaya ba ya warkarwa shi kaɗai, sabon zai fito ya tarar da cutar tana jiransa, dole a haɗa da magani. Maganin hasken leza yana da tsada, kuma har yanzu shaidar amfaninsa ba ta kai ta ƙwayar sha ba.

Ana yawan tambaya game da ruwan khal, tafarnuwa, man tea tree da man zafi mai mentol. Wasu daga cikinsu suna ɗan gyara kamannin farce, amma babu wanda aka tabbatar yana warkar da cutar da ta yi zurfi, tafarnuwa ma tana ƙona fata idan aka ɗaure ta a kai. Ruwan bilic da kananzir kuwa kada a kusance su da ƙafa.

Cutar tana dawowa ga mutane da yawa, musamman masu ciwon suga da tsofaffi. Wanda ya warke ya ci gaba da mataki na 8. Da zarar ya ga saɓa a tsakanin yatsu ya yi mata magani a makon, tun ba ta kai farce ba. Wasu likitocin suna ba da shawarar a ci gaba da shafa amorolfine ko man kashe fangas lokaci-lokaci bayan warkewa, ga wanda ta taɓa dawo masa. Idan kuma yatsa ya kumbura, ya yi ja, yana fitar da mugunya, ko jan yana hawa ƙafa tare da zazzaɓi, wannan bakteriya ce ta samu ƙofa, a je asibiti a ranar.